Muryar Malam Tanimu a Tsohuwar Kwamfuta

Ku matso kusa, ku masu son gardama, yau na kawo muku wadda za ta hana ku shan shayi.

A Funtuwa an yi wani Malam Tanimu, akawun masaƙa, mai son kiɗan garaya. Da ya yi ritaya aka bar masa tsohuwar kwamfutar ofis, irin mai ƙaton ƙeya. A cikinta ya ɗauki waƙar da ya yi wa matarsa Yalwa tun suna saurayi da budurwa. Kullum bayan la'asar sai ya kunna, injin yana gurnani, waƙar tana sarƙewa a baiti na biyu sai ya ɗan mari gefen akwatin.

Malam ya rasu. Shekaru suka ja, tsufa ya cinye tunanin Inna Yalwa har ta daina gane 'ya'yanta uku. Abin ya fi cin Lantana, babbarsu, don ita ke yi mata wanka, amma kullum sai tsohuwar ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, daga wane gida kike?"

Lantana ce ta hana a sayar wa 'yan gwangwan kwamfutar ranar rabon gado. Ta kai ta ɗakin aurenta, ta sha gorin miji a kan wannan tarkace. Sai dai ta tura ta ƙarƙashin gado ta manta, ɓeraye suka yi biki a ciki.

Bara'u, mai bi mata, gyaran rediyo yake yi. Da Lantana ta tuna da kwamfutar, ta daɗe tana roƙonsa ya duba ta, yana cewa sai an kwana biyu. Da jikin Inna ya tsananta ya rufe shago, ya karaɗe kasuwannin Kano yana tonon matattun injuna har ya tayar da kwamfutar. Amma ma'ajiyar cikinta ta lalace, wadda ya sauya kuma babu waƙar a ciki.

Autansu Nafi'u ya taɓa kwafe waƙar, tana cikin wayarsa. An sa wa Inna a kunne, ta ture ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Shi ya gane cewa tsohon injin ba zai iya ɗaukar waƙar da nauyin da take da shi a wayar zamani ba, ya rage mata nauyi ya mayar da ita ciki. Da ya riƙa zuwa gida, da an yi wannan tun da sauran ƙarfinta.

Wata la'asar suka kunna. Injin ya yi gurnani, garaya ta tashi, a baiti na biyu ta sarƙe. Sai Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Lantana, mari gefen mana!"

Lantana ta fashe da kuka, murna da baƙin ciki suka haɗe mata. Inna ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wanda ya dawo min da Malam, na yafe masa duniya da lahira." Ba ta faɗi ko wane ne ba. Washegari ta cika.

Har yau Lantana tana cewa da sun yi da wuri, da sun samu shekaru da uwarsu maimakon yini guda. Ni ma haushinsu nake ji, su duka ukun.

To, tsakanin wadda ta adana, da wanda ya gyara, da wanda ya mayar da waƙar, wa Inna ta yafe wa?