Ta'aziyya a Hasumiyar Jirgi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ku saurara da kyau, don abin da zai kayar da shi ba sata ba ne, ba lalaci ba ne. Gaisuwa ce, irin wadda ni da ku muke yi kullum.

Sunansa Malam Ilu. A hasumiyar filin jirgin sama yake aiki, can sama cikin ɗakin gilashi, daga shi sai rediyo. A zamanin babu allon da ke nuna inda jirgi yake. Matuƙi ya faɗi inda yake, Ilu ya riƙe a ka. Sama kuwa a wurinsu hawa-hawa ce kamar bene: wannan jirgi a hawa kaza, wancan a hawa kaza, kada biyu su haɗu a hawa ɗaya. Fasinjoji ba su san da shi ba, ko muryarsa ba sa ji.

Ƙa'idar aikin ita ce, idan wanda zai karɓe ka ya shigo, kafin komai ka faɗa masa jiragen da ke hannunka da hawan da ka ba kowanne. Kafin komai, na ce.

Wata rana da damina, hadari ya haɗu, gab da la'asar sai ga Mamuda ya hawo zai karɓe shi. Mamudan nan matarsa ta rasu wajen haihuwa, an yi zaman makoki a ƙauyensu mai nisa, Ilu na riƙe da aikin mutum biyu bai samu zuwa ba. Ranar ce Mamuda ya dawo. To ku faɗa mini, wa zai ga mutum a wannan hali ya tare shi da zancen jirage?

"Mamuda, ya muka ji da haƙuri?"

"Mun gode Allah, Malam."

"Allah ya jiƙanta. Jaririn fa?"

"Yana wurin gwaggona. Ya ƙi madarar gwangwani."

Suka ɗaga hannu suka yi addu'a, suka shafa. Sannan Ilu ya lissafa masa jiragen. Amma akwai guda da ya ba izinin saukowa hawa ɗaya saboda hadari, daidai lokacin da ya ji takun Mamuda a matakala. Gaisuwa ta shafe wannan daga kansa. Sai ya faɗa wa Mamuda tsohon hawan jirgin, ya sauka ya yi alwala.

Mamuda ya ɗauka hawan da jirgin ya sauko ɗin nan ba kowa, sai ya ba wani jirgin. Cikin gajimare jiragen biyu suka gifta juna, har matuƙin ɗaya ya ga fentin wutsiyar ɗayan. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu.

Aka zo bincike. Kaset ya ɗauki maganar rediyo, amma bai ɗauki abin da mutum biyu suka faɗa wa juna a ɗaki ba. Shugabansu ya tambayi Mamuda, "An faɗa maka an sauko da jirgin?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kwanakin nan ko na ci abinci ba na tunawa. Wataƙila ya faɗa."

Shi ke nan. Kowa ya ce mai makoki ne, hankalinsa ba ya jikinsa. Ilu kuwa ba a ma tambaye shi ba, don ba a san shi da mantuwa ba. Aka shirya raba Mamuda da aikinsa.

Ilu ya faɗa wa matarsa Hajo gaskiyar abin da ya faru. Ta ce, "Malam, ai ba ƙarya ka yi ba. Shi kansa Mamuda bai ce kai ne ba. Ka dubi yaran nan."

Ya ce, "Na dube su, Hajo. Shi ma yana da guda, kuma ba uwa."

Ya je ofishin shugaban ya tsaya. "Ranka ya daɗe, ban faɗa masa ba."

"Ilu, zauna. Ka tabbata? Shi fa bai tuna ba."

"Ni na tuna. In kun kore shi, kun kori wanda bai yi ba, ramin kuma yana nan a buɗe. Gobe wani zai yi rashi, wani ya tare shi da gaisuwa."

Ku saurara. Ba a yi masa tafi ba. An sauko da shi daga hasumiya, aka tura shi daji ya kula da wata na'ura mai nuna wa jirage hanya. Iyalinsa suka zauna a gari saboda makarantar yara. Daga shi sai janareta da ƙadangaru. Jirgi ya wuce ta kansa, ya ɗaga kai, ba mai kiransa. A hasumiya kuwa aka tsananta: jirage tukuna, sannan gaisuwa, ko uwar mutum ce ta rasu. Sababbin ma'aikata suna bi, ba su san dalili ba.

Jama'a, kuskure na ɗan Adam ne, har mutumin kirki yana yi, wani lokacin ma kirkin ne ke jawo masa. Amma wanda ya yi shiru aka ɗora wa wani laifinsa, ya yi kuskure biyu, na biyun kuma da saninsa. Ni ba malami ba ne, uba ne. Babban ɗana ya fara aikin jinya, su ma suna miƙa wa juna marasa lafiya safe da yamma. Kullum ya fita, sai na bi shi da addu'a. Ba na roƙon kada ya taɓa mantuwa, don zai manta. Roƙona, ranar da ya manta, Allah ya ba shi bakin cewa "ni ne". Kai direba, ke ungozoma, kai mai haɗa magani, ranarku tana tafe.

Malam Ilu kuwa, ban san ko an taɓa mayar da shi hasumiya ba. Ban san ko Mamuda ya je dajin nan ya gaishe shi ba. Wanda ya ba ni labarin ma bai sani ba.