Ƙyastun Sarki da Wutar Gwaggo Tasalla

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana ɗibar wuta a maƙwabta da tsingaro, an yi wani sarki mai suna Gwadabe, mutum mai taushin zuciya, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Wata safiya ana yayyafi ya hangi wani tsoho yana dogara sanda, ya ɗebo garwashi yana kare shi da tafin hannu. Tausayi ya kama Sarki. Kafin azahar aka yi shela: a ba kowane mai furfura ƙyastu ya riƙa kunna wutarsa, bayin Sarki su riƙa ajiye masa itace da ruwa da tuwo a bakin ƙofa, kada tsoho ya sake zuwa gidan kowa neman abu.

Gari ya ɗauki yabo. Matasa suka ce madalla, an sauke musu nauyi, kowa ya kama gabansa. Kafin kaka, ciyawa ta rufe 'yan hanyoyin da ke tsakanin gidaje.

To, akwai Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Sarki, wadda ta goya shi. Ta ƙi zaman fada, tana can unguwar marina ita kaɗai. Sannu a hankali ta daina magana da masu rai. Sai ta zauna gindin ceɗiya ido a lumshe, tana hira da ƙawayenta da suka rasu, har tana matsa musu tabarma. Tuwo ya kwana a rufe. An yi jiƙo, an yi rubutu, duk a banza.

Da Sarki ya je duba ta, ta dube shi kamar mai leƙen rijiya, ta ce, "Ɗan nan, su Ladidi suna kirana. Can ana hira, nan kuwa shiru."

Sarki ya koma fada, ya tabbata rasa ta zai yi. Waziri Cindo, wani dattijo mai wayon tsiya, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi wa unguwar marina ɓarna guda, kuma kada a tambaye ni dalili."

Sarki ya ce, "An ba ka."

Waziri ya tattara ƙyastun unguwar kaf, wai maƙera za su gyara. Ya kuma sa aka yi shela cewa don tsoron gobara kada wuta ta kwana a murhun kowa. A tsakar gidan Gwaggo kaɗai ya bar gungumen ƙirya yana ci.

Gari na wayewa hayaƙi ya miƙe siriri daga gida guda. Aka yi sallama.

Gwaggo ta ce, "Ladidi ce?"

"Kande ce, Gwaggo, maƙwabciyarki. Wuta na zo ɗiba."

Gwaggo ta buɗe ido, ta ga goyo a bayanta, ta ce, "Wannan kuma yaushe kika haife shi ba labari?"

Kunya ta kama Kande, ta durƙusa ta sauke yaron a cinyar tsohuwa. Wa ya taɓa ɗibar wuta a tsaye? Sai an gaisa, an tambayi kwanan yara, an ɗan taɓa gulma. Kafin hantsi tsakar gida ta cika, tsofaffin da aka manta da kamanninsu duk sun rarrafo.

Bayan 'yan kwanaki Sarki ya iske ta tana shan kunu tana yi wa wata amarya faɗa. Ta ce, "Ɗan nan, ka ciyar da ni, Allah ya saka. Amma ka san da can da gangan nake kashe wutata, don in sami dalilin shiga gidan mutane?"

Sarki ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa. Ranar ya janye dokarsa, ya bar tuwo da itace, amma ya ce maƙwabta ne za su riƙa kaiwa da hannunsu, su zauna har a cinye.

Gwaggo Tasalla ta ƙara damina da yawa a duniya. Ranar da ta amsa kiran su Ladidi, kanta yana bisa cinyar Kande, ɗaki cike da mutane.