Aladun Nabatanzi da Allura ta Biyu

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke bayan Masaka, sunanta Nabatanzi. Mijinta yana aikin gini a Kampala, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ita ke riƙe da gida da gonar ayaba da aladu mata uku da take kiwo a bayan ɗaki.

Aladun nan sun hana ta sakat. Sau biyu a jere suna ɗaukar ciki, ta yi kusan wata huɗu tana jido musu dussar masara da ganyen dankali, amma ranar haihuwa sai ta tarar da 'ya'yan sun mutu tun a ciki, sun bushe sun yi baƙi. Ɗaya ko biyun da suka zo da rai kuwa, ramewa suke yi har su bi sauran.

Wan mijinta, Ssekitto, shi ma haka ta same shi. Aladunsa mata huɗu ne, kuma shi kaɗai ke da namijin alade a ƙauyen, kowa wurinsa yake kai barbara. Wannan ya sa yake ganin babu wanda ya kai shi sanin alade.

Nabatanzi ce ta kira likitan dabbobi, Dakta Lubwama. Ya zo a kan babur da akwatin sanyi ɗaure a baya, ya duba aladun gidajen biyu, ya ce cuta biyu ce ta haɗu. Ɗaya tana kashe 'ya'ya a ciki, ɗayar tana cinye su bayan haihuwa.

Ya ce, “Akwai rigakafin da aka haɗa maganin duka biyun a allura ɗaya. Amma ku ji ni da kyau. Ta yau nuna wa jiki cutar kawai za ta yi. Bayan mako uku zan dawo in yi ta biyu, sannan a ƙara mako biyu kafin a kai su barbara. Cuta biyu jikin zai koyi yaƙa lokaci guda, sai an ba shi lokaci.”

Ssekitto ya yi dariya. “Makaranta ke nan za mu sa aladu, Likita?”

Duk da haka ya bari aka yi wa nasa.

Washegari aladun duka suka kwanta. Jikinsu ya yi zafi, wurin allurar ya kumbura, suka ƙi ko kallon dussa. Nabatanzi ta kira likita. Ya ce kada ta damu, jiki ne ya fara aiki, kwana biyu zai wuce.

Ya kuwa wuce. Amma Ssekitto ya riga ya yanke hukunci. Ya tsaya a bakin shingenta yana cewa, “Matar ƙanina, kin gani ko? Lafiyayyun dabbobi ya tarar, ya bar mana marasa lafiya. In ya sake taɓa min alade, ba ni na haifi 'ya'yana ba. Allura ɗaya ta shiga, ta isa.”

A makon nan ya haɗa aladunsa huɗu da namijin.

Mako na biyu, babbar aladen Nabatanzi ta fara neman barbara. Tana ihu, tana cizon katakon garke, duk ƙauye na ji. Matan da ke wucewa rafi suna tsayawa su ce, “Nabatanzi, ki ji tausayin baiwar Allah nan mana. Ko jira kike ango ya zo daga Turai?”

Ta yi musu murmushin dole, ta shiga ɗaki tana ƙunci.

Sai ga waya daga Kampala. Mijinta ne, kuma daga muryarsa ta san wansa ya riga ta magana.

“Me nake ji? An ce kin bar aladu suna cin abinci a banza?”

“Likita ya ce a jira.”

“Likita ne ke ciyar da su? Yaya ya fi shekara ashirin yana kiwo, ke yaushe kika fara?”

Ta ce, “Sau biyu ina haƙa rami ina binne 'ya'yan alade da hannuna. Kai kana Kampala. Bar ni in gwada wannan.”

Ya kashe wayar.

Ranar allura ta biyu kuma aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanya ta zama taɓo, likita bai zo ba. Washegari ma haka. Ssekitto ya wuce da lema yana tambaya, “Malamin makarantar ya gudu ne?” Ranar nan saura kaɗan ta kwance aladun ta kora su gidansa a huta. Har ta ɗauko igiya, ta tsaya tana kallonta, sannan ta mayar.

A rana ta uku Dakta Lubwama ya iso, taɓo har gwiwa. Ya yi wa nata uku allura. Da ya doshi gidan Ssekitto, daga ƙofa aka kore shi da zagi.

Ta cika mako biyun da suka rage, sannan ta kai su barbara wurin namijin Ssekitto. Lokacin nan cikin aladun Ssekitto ya fara fitowa, yana nuna wa duk wanda ya wuce.

Da lokacin haihuwarsu ya yi, aladu huɗu suka ba shi 'ya'ya biyar masu rai. Sauran duk busassu. Maimakon ya yi shiru, sai ya zauna a wurin mai gasa nama yana shaida wa jama'a cewa allurar ce ta kashe su. Mutane suka yarda. Wata maƙwabciya ta tare Nabatanzi a hanyar coci ta ce, “Ke da aka yi wa naki har biyu, sai ki fara haƙa rami tun yanzu.”

Mako shida ta yi tana haɗiye irin wannan magana. Ko matoke, tuwon ayabarsu, ta dafa, sai ta kasa ci.

Ranar wata Laraba da hantsi, babbar ta fara haihuwa. Na farko ya faɗo yana motsi. Na biyu ya fito yana tsuwa. Nabatanzi ta durƙusa a cikin garken tana goge su da busasshen ganyen ayaba, hawaye na zuba, har suka kai goma sha ɗaya. Cikin kwana takwas sauran biyun suka kawo tara da goma.

Ssekitto ya zo ya jingina da shinge, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Sa'a ce kawai.”

Ta ci gaba da shara.

Ya yi gyaran murya. “Likitan nan naki... in na kira shi ba zai ɗauka ba. Na gaya masa maganganu.”

Ta ajiye tsintsiya. Duk abin da ta tara a ciki na wata biyar ya taso mata. Ta dube shi, ta ga dattijon ya kasa haɗa ido da ita.

Ta ce, “Zan kira shi, Yaya. Amma kai za ka riƙe masa aladun, kuma a gaban mutane.”

Haka aka yi. Ranar Asabar, rabin ƙauye suna tsaye suna kallon Ssekitto riƙe da kunnen alade, likita yana tsira allura.

Darasi: Ba duk abin da aka fara ba ne yake nuna amfaninsa nan take. Rigakafi yana buƙatar a cika shi, jiki yana buƙatar lokaci, kuma daɗewa a sana'a ba ta hana mutum sauraren wanda ya fi shi sani. Idan ka san wani da surutun mutane ke neman sa shi ya bar abin kirki a rabi, tura masa wannan labarin.