Feshin Kwalta a Kwarin Gawo

Ku gyara zama, ga wata gardama da har yau ba a raba ta ba a Kwarin Gawo.

Titin garin ne ya fara tsagewa. Ba ramuka ba tukuna, ƴan tsagogi ne kamar faso a diddige. Amma in ruwan damina ya shiga cikinsu, titi ya tafi, tumatirin gari ya ruɓe a kwando.

Tanimu mai faci ya fara lura, don kullum a tsugune yake bakin titi. Sau bakwai yana zuwa ofishin ayyuka. Suka ce, "Malam, titin nan ai lafiyarsa lau. Bari ya lalace tukuna." Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni taya nake gyarawa. Ƙaramar huda ake liƙewa." Bai bar su sun huta ba sai da suka yarda a fesa kwalta, a watsa tsakuwa, a danne.

Ranar aiki tankar kwalta ta iso da zafinta, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Sai ga titi jawur: matan gari sun shanya barkono a kai yadda suka saba, tun daga makaranta har gada. Direba ya ce in kwalta ta huce, juyawa zai yi. Mai unguwa ya yi ta faɗa, ba wadda ta motsa. Ladidi mai sayar wa leburori abinci ta bi gida-gida tana aron tabarmin da za a mayar da barkonon a kai, tana lallashin matan. "Yaya Kande, in titin ya mutu, a kan me za ki yi shanya baɗi?" Kafin azahar an kwashe, an share tas.

Ana shirin feshi, Jatau, tsohon lebura, ya damƙi tsakuwa ya buɗe hannu. Tafinsa fari fat. Kwalta ba ta riƙe tsakuwa mai ƙura. Mako ɗaya tayoyi za su watsar da ita. Injiniya, idonsa na sama, ya ce a zuba haka nan. Jatau ya zauna a ƙasa gaban tifar tsakuwa, ya ce sai dai a bi ta kansa. Dole aka tankaɗe tsakuwar da rariyar magina. Ruwa bai sauko ba sai da rola ta gama dannewa.

Yanzu ofis na son ɗaukar mutum ɗaya tak aikin kula da titin. Tanimu da Ladidi da Jatau, su ukun duk suna so.

To, ku da kuka ji, wa za a ba?