Gefen Da Babu Namiji

Akwai wani mutum da Allah ya buɗa masa ya sayi 'yar ƙaramar tarakta. Tun daga ranar ko gaisuwa sai da ya rage wa tsawo. Unguwa ta sa masa suna Mai Tarakta, shi kuwa abin ya yi masa daɗi.

Gidansa da na marigayi yayansa suna kallon juna, hanyar ƙasa ce kawai a tsakani. Matar yayan tana zaune da marayunta a ɗakuna biyu na ƙasa, tana ɗinki tana ciyar da su. Mai Tarakta ya daɗe yana haɗiye yawu a kan filin nan. Ya yi zancen ta sayar masa, ta ce gadon yara ne. Ya ƙulla abin a ransa.

Da damina ta matso, sai ya tafi shagon kayan noma sayen ƙarfen baje ƙasa, wanda ake ɗaura wa tarakta a baya don gyaran hanya.

Mai shago ya nuna masa iri biyu. "Wannan miƙaƙƙe ne, yana baje ƙasa daidai. Wannan kuma ana karkata shi, ya kwashe ƙasar gefe guda ya tara a ɗayan. Inda ka kwashe, nan ruwa zai bi."

Idon Mai Tarakta ya yi haske. "Mai karkatar nan nake so."

"To, wane gefe za ka tura ruwan?"

"Gefen da babu namiji," in ji shi, ya fashe da dariya. Mai shago dai bai taya shi ba.

Jama'a, maganar nan ta yi masa daɗi har ya maimaita ta a gida ana cin abinci. Mahaifiyarsa Inna, wadda ke zaune a wurinsa, ta cire hannu daga kwano.

"Ɗakin ɗan'uwanka ne fa. Jikokina ne a ciki."

"Inna, hanya zan gyara. Ki ci abincinki."

Washegari ya karkata ƙarfen ya hau aiki. Ya yi ta kai da komo yana kankare ƙasar gindin katangar matar yayansa, yana tarawa a ƙofar gidansa. Kafin la'asar gefensa ya zama tudu, gefenta ya zama kwari mai zurfi.

Ta fito da zare a wuyanta, ta tsaya gaban tarakta. "Baffan yara, don girman Allah. Katangar nan ta ƙasa ce, ba za ta jure ruwa ba."

Bai ko kashe injin ba. "Matar Yaya, ni na ce ki zauna? Ruwa ai na Allah ne, ki kai ƙararsa can."

Ya taka, ƙura ta rufe ta. Wallahi ko maƙiyi ba a yi masa haka.

Ruwan farko ya jiƙa katangar. Na biyu ya tsaga ta. Kullum aka yi ruwa, ita da yara suna kwarfa da robobi, shi kuma yana zaune a barandarsa ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana yaba yadda ƙofar gidansa ta bushe tas.

Rannan da rana tsaka hadari ya haɗu, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwarin ya cika ya tumbatsa. Can sai aka ji rugum! Ɗaki guda ya zauna.

Mai Tarakta ya miƙe yana leƙe. Ya hango matar yayansa da yaranta duka a waje, suna ihu. Ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu sai a tattara."

Sai ga matarsa ta fito a guje ba ko mayafi. "Ina Inna? Ba ta ɗakinta!"

Ashe tsohuwa ta saba, duk ranar ruwa takan lallaba ta tsallaka ta taya su kwarfa, ba ta gaya masa. Ranar ta koma ciki ne ɗauko keken ɗinkin.

Ya ruga ya tayar da tarakta don ya janye katakon rufin da ya danne ta. Yana tsallaka hanya tayar ta zurma cikin kwarin da ya haƙa da kansa, taraktar ta kwanta a gefe. Ƙarfen da ya zaɓa ya cake a laka.

Da hannu ya yi tonon, yana kiran Inna kamar ƙaramin yaro. Maƙwabta suka taru. Matar yayan tana kusa da shi tana tono, farcenta na jini.

An fito da Inna da rai, amma ƙugunta ya karye. Likita ya ce ta gama tafiya da ƙafarta.

Ranar sallama daga asibiti, ya gyara mata ɗaki, ya sayo sabuwar katifa. Mota ta tsaya tsakanin gidajen biyu, ya sunkuya zai ɗauke ta.

Inna ta kawar da hannunsa. "Kada ka taɓa ni. Ku kai ni gefen da babu namiji."

"Inna, ɗaki ɗaya ya rage musu."

"Ya ishe mu. Ni ɗa namiji ɗaya na haifa, kuma na binne shi."

Matar yayan ce ta goya ta ta shiga da ita. Daga baya ya ciro taraktar, ya juya ƙarfen, ya mayar da kwarin ƙofar gidansa. Har yau kowace damina ruwa tsakar gidansa yake kwana, kuma kullum da safe yana tsayawa a ƙofar matar yayansa yana sallama. Ita tana amsawa. Inna ba ta amsawa.

Darasi: Kada ka tura cuta gefen wanda kake ganin ba shi da mai tsaya masa, domin ba ka san wa naka yake tsaye a wurin ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labarin, musamman masu maƙwabtaka da marayu.