Kurege da Kumbon Duniya Mai Zobe

Ku matso, ba na ɗaga murya. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Baba, kunnenmu na nan.

Ƙasar dabbobi ce ta kafa hukumar binciken sararin sama. Aka ba Jimina shugabanci, don wuyanta ya fi na kowa kusa da wurin. Ta tara jama'a, ta zana tsari a ƙasa: bana a je Wata, baɗi a je Jar Duniya, daga baya a je can ƙurya, Duniya Mai Zobe.

Kurege bai ji komai ba sai batun guzuri. Na Wata ƙunshi ɗaya. Na Jar Duniya buhu biyu. Na Mai Zobe buhu tara: gyaɗa, dakuwa, kilishi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Wata kuma? Wanda muke gani kyauta? A fara da na nesa, a san mu."

Jimina na son a san ta. Ta goge tsarin da ƙafa, ta fara daga ƙarshe.

Aka zaɓi uku: Kurege, Kura da Biri. Ranar tashi, a bakin kumbo, Kurege ya ce, "Gwaggo Kura, kin yi sallama da dangi?"

"Na yi da na gari."

"Na ƙauye fa? Ki tafi shekara da shekaru, ƙanwar kakarki ta ji a kasuwa?"

Kura ta dafe kai, ta zura a guje. Biri ya tuna surukansa, shi ma ya bi.

Tsoho Kunkuru ne mai tuƙa kumbon daga ƙasa, shi ne kuma mai oba-oba, na'urar magana da na cikin kumbo. Ya kira, "Kowa ya shiga?"

Kurege ya yi gurnanin kura, ya yi tsuwar biri, ya ce, "Mun shiga." Kunkuru ya danna. Fuu!

Kurege ya ci, ya ci, ya ci. Ya wuce Wata yana ci. Ya wuce Jar Duniya yana ci. Sai wata rana ya ɓoye dakuwa a kumatu, ya waiga, ya ga ba wanda yake ɓoye wa. Ya leƙa taga, baƙi. Ya leƙa ɗayar, baƙi. Garinsu ya koma kamar ƙwayar gero, daga baya ma ya ɓace. Ya yi tari don ya ji wani abu. Ya zuba gyaɗa kashi uku, ya saci ta Biri, ba wanda ya ce masa ɓarawo. Ya mayar.

Yana so ya ce a komo da shi. To, ran Laraba kaɗai ake tada janaretan hukuma, ga nisa ya sa kowace magana sai ta daɗe a hanya. Kunkuru kuwa bai taɓa shiga zance ba gaisuwa ba.

"Ina kwana, Kurege?"

"Lafiya lau, Baba." Ya jira, ya jira.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ya jira, ya jira.

"Yaya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Baba, dama ina so..."

Ɗif. Mai ya ƙare. Sai wata Laraba.

Haka Laraba ta bi Laraba. Rannan ya cije, ya yi abin da ba a yi. Da aka ce ina kwana, ya ce, "Ba lafiya, Baba." Ya jira, ya jira.

"Madalla. Ina gajiya?"

Kurege ya kwanta bisa buhu, ya yi kuka. Hawayen ma ba su sauka ba, suka tsaya suna yawo a gaban idonsa.

Sai ya tuna abu guda. Duk Laraba yana jin wani numfashi bayan muryar Kunkuru. Kura ce, tun da aka bar ta take zuwa ta zauna tana huci.

Laraba ta zo. "Ina kwana, Kurege?"

"Lafiya lau, Baba. Kilishin nan buhu uku ne ya tsare mini wuri, gobe zan buɗe ƙofa in watsar."

Wannan karon ba a ce ina gajiya ba. Kura ta ture Kunkuru, ta murɗa sitiyari da haƙora. Jimina na ihu, "Tsarin fa? Tsarin fa?" Ba wanda ya kula ta. Kumbo ya juyo, zoben ma Kurege bai gani ba.

Da ya sauka, Kura ta faɗa ciki. Buhunan kilishi wayam, tun kafin a kai Jar Duniya Kurege ya gama da su. Ta fito, ta danne shi da ƙafa.

Ya ce, "Gwaggo, kin tsufa."

"Ubanka ne ya tsufa!"

Amsa nan take. Ba jira. Kurege ya lumshe ido don daɗi, ya ƙara tsokana.

"Ga warin baki."

"Ni? Ni?" Ta kai masa mari.

"Ƙara, Gwaggo. Amma ki riƙa magana kina duka."

Kurunkus, kan kurege da ƙullutu. Wanda zai cinye rabon mutane, ya rage mutum ɗaya a kusa wanda zai zage shi. Ku tashi, bakina ya gaji.