Tabawa Mai Muryar Tambari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya bambanta harsuna da muryoyi, Ya ba kowane mai rai rabonsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan an idar da sallar magariba an ci tuwo, jikokin Kaka Hajjo suka kewaye ta a tsakar gida. Ta gyara zama ta ce, "To, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku."

Suka ce, "Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wani ƙauye an yi wata budurwa 'yar shekara goma sha huɗu, sunanta Tabawa. Allah Ya ba ta hankali da ladabi, Ya kuma ba ta murya mai kauri kamar tambari, in ta yi sallama sai kajin maƙwabta su watse. Ran nan ana gaɗa a dandali, daɗi ya kwashe ta, ta ɗauki amshi. Tafi ya tsaya cak. Wata tsararta mai suna Ladingo ta dafa ƙirji ta ce, "Jama'a, bajimin wa ya tsinke?" Aka fashe da dariya. Tun daga ranar Tabawa ta toshe bakinta da gefen gyale. In an gaishe ta sai ta gyaɗa kai, in an aike ta kasuwa sai ta nuna da yatsa.

Damina ta yi albarka, gero ya fara ƙosawa, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke sauka a gonaki. Al'adar garin ita ce kowane gida ya kafa doguwar rumfa a tsakiyar gonarsa, mai tsaro ya hau yana ihu tun hantsi har la'asar. Gonar da ta yi shiru, a can tsuntsaye ke walima. Mahaifin Tabawa, Malam Jatau, kurkunu ya kama shi a ƙafa, kuma ita kaɗai ya haifa. Ya kira ta ya ce, "Uwata, abincinmu na shekara yana tsaye a gonar nan. Na ba ki amanarsa."

Tabawa ta hau rumfa. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta hango Ladingo a rumfar da ke kusa. Ta mayar da ihun ciki, ta koma kaɗa gyale.

Gizo yana laɓe a gindin kuka yana kallo. Ya fito da tsamin bakinsa ya ce, "Shannu, yayinya! Na ga abin da ke damunki. Je ki wurin Kurciya ta koya miki murya mai daɗi, ni kuwa in tsare miki gona."

Tabawa ta yi murna, ta tafi. Kurciya ta ce, "Abu mai sauƙi, 'yata. Noƙe wuya, ki kumbura ƙirji, ki yi guɗa a hankali." Ta noƙe, ta kumbura, sai sauti ya fito kamar turmi na gangarowa daga tudu. Kurciya ta yi fir ta bar reshe. Da Tabawa ta dawo, ta tarar kunya guda ta gero ta zama kara. Gizo ya ce, "Tsuntsaye ne, shun fi ƙayfina."

Washegari ya tura ta wurin Kanari. Kanari ya ce, "Lashi raɓa, ki tsuke baki, ki siranta numfashi." Ta lasa, ta tsuke, sai sauti ya fito kamar tsohon ƙyaure. Kanari ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ta dawo, kunya biyu sun sake tafiya, cikin Gizo kuwa ya yi tulu.

Rana ta uku Gizo ya ce, "Yau ki bi yamma har bayan dutse, akwai gwanar da ta fi su duka." Alhali babu wata gwana a can. Tana cikin tafiya tana share hawaye, sai ta ji wani ruri daga cikin ciyawa, gum, gum, gum, har ƙasa na amsawa. Ashe Burtu ne, yana takawa cikin ƙasaita.

Ta manta da gyale ta ce, "Baba Burtu, kai ba ka jin kunyar wannan murya?"

Burtu ya karkata kai ya ce, "Sake faɗi, in ji daɗi. Rabona da in ji murya cikakkiya haka tun rasuwar kakata. Kunyar me? Sata na yi da ita, ko zagi? Kanari na rera wa reshe ɗaya, ni kuwa in na yi kira daji duka ya san gari ya waye. Wanda Ya ƙera maƙogwaronki bai yi kuskure ba. Amma ki juya da gudu, domin jiya na ji Gizo yana gayyatar Sarkin Jan-baki da rundunarsa zuwa wata gona da ba a ihu."

Tabawa ta ɗaura gyale a ƙugu ta zura da gudu. Tana isowa ta ga sama ta yi baƙi da tsuntsaye, suna karkatowa kan gonar ubanta, Gizo yana ƙasa da buhu yana yi musu maraba. Masu tsaro sun yi ihu har muryoyinsu sun dushe. Ta haye rumfa. Ga Ladingo can tana kallonta. Ta tuna mahaifinta a kwance, ta ce Bismillahi, ta cika ciki da iska.

"KAAAI! KU TASHI!"

Ganyen kuka ya zube. Rundunar jan-baki ta tarwatse kamar an watsa tsaba, sarkinsu a gaba. Gizo ya yar da buhu, bai tsaya ba sai a saƙon rufin ɗaki, inda yake har yau, ko gyaran murya ka yi sai ya maƙale. Ihun bai ceci gonarsu kaɗai ba, har gonakin maƙwabta.

Ladingo ta sauko ta zo tana sosa kai ta ce, "Ƙawata, ki yafe mini. Ashe bajimin nan shi ne garkuwar gari. Don Allah gobe ki ɗan juyo da shi wajen gonarmu."

Tabawa ta yi dariya, dariya mai ƙarfi, ba ta rufe baki ba. Da ta koma gida ta tarar da Malam Jatau a tsaye yana murmushi. Ya ce, "Uwata, daga nan na jiyo ki. Kurkunun ma da ya ji, fitowa ya yi don kansa."

Ranar bikin girbi ita ta ba da waƙa a dandali, 'yan mata suka amsa, har mutanen ƙauyuka uku suka ce sun yi rawa daga gidajensu.

Kaka Hajjo ta dubi jikokinta ta ce, "Ku riƙe wannan. Kunyar da ke hana mutum aikata ɓarna ado ce, kada ku rabu da ita. Amma wadda ke sa shi ɓoye baiwar da Allah Ya yi masa, tsoro ne ya ari rigar kunya, kuma ta wannan ƙofa Gizo ke shiga gona. Ƙungurus kan kusu, ba don Gizo ba da kun ce na shara muku ƙarya."

Allah Ya sa mu gode wa abin da Ya ba mu, Ya yi albarka ga wanda ya rubuta da wanda ya karanta. Amin.